Zan sayar da filin gadona a gyara mani ciki, ko maigida zai daina yi mani dariya?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a cikin garin Katsina, shekaruna 34, aurenmu shekara 13, 'ya'yanmu huɗu, biyun ƙarshe aiki aka yi mani aka ciro su. Tun haihuwar auta, yau shekara biyu da rabi, cikina bai koma ba. Ya saki ya zubo, cibiyata ta turo waje, in na ci abinci sai ki rantse cikin wata biyar ne. Kwanan baya a gidan biki wata tsohuwa ta shafa shi ta ce "Allah ya raba lafiya". Na yi dariya a wurin, na dawo gida na sha kuka.

Maigidana ba mugu ba ne, bai rage mu da ci da sha ba, amma ya laƙaba mani suna Randa. Tun yana faɗa daga ni sai shi, har ya kai yana faɗa gaban yara, yanzu ɗan shekara biyar ɗin ma ya ɗauka. Da dare yana kallon 'yan matan TikTok, wani lokaci ya miƙo mani wayar ya ce "ga mata nan".

Ina da ƙawa tun makarantar kwana. Bara ta je Abuja aka zuƙe mata kitsen ciki aka mayar mata a mazaunai. Wallahi ta yi kyau, mijinta har mota ya sauya mata. Amma ta zama wata daban. Kullum tana gaban madubi ko tana ɗaukar hoto, in muna hira sai ta ce wance ta lalace, wance ta zama buhu, ba ta zuwa sabgar dangi sai inda za a gan ta, ita da mijin kullum faɗa kan fita, yanzu kuma ta ce hancinta ne ya rage. Ita ce ta ce in sayar da filin da na gada wurin mahaifina ta haɗa ni da likitanta, in ce wa maigida zan je wurin yayata sati biyu. Har na ɗauko takardar filin.

Anti, haramun ne? Zan iya mutuwa? In na yi, zai daina raina ni? Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, kada ni ma in dawo na zama irinta.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu ce komai, mayar da takardar filin nan inda kika ɗauko ta. Ban ce har abada ba za a taɓa yi maki aiki ba, ina dai so mu yi maganar nan babu dillali tsaye a ƙofar gida.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda raina ya tsaya shi ne bakin yaron nan ɗan shekara biyar da ya kira uwarsa Randa. Kukan da kika yi bayan biki ba shagwaɓa ba ne. Mace ta ɗauki ciki huɗu, an tsaga ta sau biyu, sannan abin da ya rage mata a jiki ya zama abin nishaɗin gida. Duk wadda aka yi wa haka sai ta fara tunanin wuƙa. Amma bari in fara da cikin kansa, don ina zargin ke da ƙawarki ba ciwo ɗaya gare ku ba.

Na yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin in ajiye aiki, irin cikin da kika kwatanta na gan shi ba adadi. Naman gaban ciki jeri biyu ne, na dama da na hagu, da wani zare mai ƙarfi da ya haɗe su a tsakiya kamar ɗinkin riga. Kowane juna biyu sai ya ja wannan ɗinki ya buɗa don yaro ya samu wuri. Ga wasu yana komawa cikin 'yan watanni, ga wasu, musamman bayan haihuwa da yawa ko kusa da kusa, sai ya tsaya a buɗe, hanji ya riƙa turo gaba. Shi ya sa da kin ci abinci cikin ke tashi. Yau da dare ki gwada da kanki: kwanta rigingine, ki lanƙwashe gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa, ki jera yatsu a kwance daidai saman cibiya, sannan ki ɗago kanki kaɗan kamar za ki duba ƙafarki. Za ki ji naman ya yi tauri dama da hagu. In yatsunki sun nutse a wani rami tsakaninsu, ƙirga yatsa nawa suka shiga. Daga biyu zuwa sama, buɗewar nan ce. Ita kuma cibiyar da ta turo waje tana iya zama kaba, wato hanji ko kitsen ciki ya samu ƙofa yana leƙowa, kuma kaba tana fita a cibiya, tana fita a wurin ɗinkin tiyata.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne, aikin da aka yi wa ƙawarki ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zuƙar kitse tana cire kitsen da ke ƙarƙashin fata ne kawai. Ba ta haɗe naman da ya buɗe, ba ta rufe kaba, ba ta ɗame fatar da ta saki, sau da yawa ma fatar ƙara zubowa take in an kwashe abin da ke riƙe da ita. Kina iya sayar da filin mahaifinki, ki sha azaba, ki dawo Katsina da cikinki yadda yake, sai dai ƙarin mazaunan da ba su kika je nema ba.

Saboda haka matakin farko a nan gida yake. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yau mutane ke ce wa FMC, ko Babban Asibitin Katsina, ki nemi ganin likitan tiyata, ki ce ciki ne da cibiya suka ƙi komawa bayan haihuwa. Zai duba da hannu, wataƙila ya sa a ɗauki hoton ciki. In kaba ce, gyaranta magani ne kamar kowane magani, kuma ba abin wasa ba ce: duk ranar da cibiyar ta kumbura ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. In buɗewar nama ce kawai, a tura ki sashen fisiyo su koya maki motsa jikin da ke ɗame naman ciki daga can ƙasa. Yana ɗaukar watanni, ba zai mayar da ke budurwa ba, amma mata da yawa suna ganin bambanci a zaman atamfa da kuma ciwon baya. Kuma ina roƙonki, kada takaici ya kai ki wurin masu sayar da "sha ka fashe" da shayin rage tumbi a WhatsApp. Ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone fuska da ciki suke kumburawa, su bar mace da hawan jini da ciwon suga.

Kin tambaya ko haramun ne. Malamai sun raba abin gida biyu, kuma suna da hujja a kowane gida. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare mashi hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Wannan mayar da abin da ya lalace ne. A ɗaya gefen kuma ga hadisin Ibn Mas'ud da ke Bukhari da Muslim, wanda ya la'anci masu tsaga haƙora don ado suna canja halittar Allah. A kan wannan rabon ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na 2007 a Malesiya: gyaran lahani na haihuwa, ko na ƙuna, haɗari da cuta ya halatta, sauya lafiyayyar halitta don bin yayi bai halatta ba. Kabarki, in ita ce, tana gida na farko babu ko tantama. Ƙarin mazaunai yana gida na biyu. Ita kuwa fatar da ta zube bayan haihuwa, ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa bayanin likita a hannu, don hukuncin yana bin girman cutarwar.

Batun mutuwa ba zan ɓoye maki ba. A watan Oktoba na 2005 Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifaniya bayan aikin zuƙar kitse, daga baya kotun can ta samu likitan da laifin sakaci. Matar shugaban ƙasa ke nan, a Turai. Shi kuma aikin ƙarin mazaunai haɗarinsa na daban ne: akwai manyan jijiyoyin jini a wurin, in kitsen ya shiga ɗaya daga ciki sai ya bi jini ya toshe huhu, mace ta tafi tun tana kan gadon aiki. A 2017 likitocin wannan fanni a Amurka sun ƙiyasta mutuwar mutum ɗaya cikin kusan 3,000, abin da ya sa suka hana tura kitsen cikin tsoka, sai dai ƙarƙashin fata. Wannan ya rage haɗarin a hannun ƙwararru masu bin ƙa'ida. Ke kuma da me za ki gane mai bin ƙa'ida, tunda shaidar da kike da ita ita ce hoton ƙawarki?

Yanzu ga ƙawar taki, don tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi. Wuƙar likita ba ta kai wa ga hali. Abin da take yi shi ne ta canja yadda mutane ke kallon mace, shi kuma kallon ya taso da abin da dama yake kwance a zuciya. Yi tunanin watanninta na farko. Ta shiga gidan biki an juyo, matan da ba su taɓa kula ta ba suna neman lambarta, miji ya sauya mota. Wane darasi aka koya mata? Cewa shekarun da ta yi tana girki da raino da haƙuri ba su kai a sauya mota ba, sai da aka ƙara mata nama. Duk wadda aka koya wa haka dole ta tsare madubi, tunda nan aka nuna mata jarinta yake. Ga kuɗin da ta zuba da azabar da ta sha, dole ta ga riba, ribar kuwa ita ce a gan ta, shi ya sa zaman makoki da barkar haihuwa a lungu ba sa cikin lissafinta. Shi kuma mijin da ya yi murna ya manta cewa abin da ya burge shi yana burge na waje, sai kishi ya taso, sai faɗa kan fita. Da take cewa wance ta zama buhu, ina jin tsohuwar kanta take zagi, tana tsoron ranar da za ta koma.

Maganar hancin ita ce ta fi tayar mani da hankali. Yabo yana tsufa da wuri. Bayan wata shida kowa ya saba da sabon jikin, ba mai juyowa, sai ido ya fara neman wani wurin. Wani likitan gyaran fuska a Amurka, Maxwell Maltz, ya rubuta tun 1960 cewa cikin waɗanda yake wa aiki akwai masu fita kamar an sauke masu kaya, akwai kuma waɗanda aikin ya yi kyau amma su dage babu abin da ya canja. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata cuta da mutum ke kwana yana tashi da wani lahani a jikinsa wanda wasu ba sa ko gani, ya ɓata sa'o'i a gaban madubi, kuma tiyata ba ta warkar da ita, daga wannan gaɓa sai a koma waccan. Ban ce ita ke damun ƙawarki ba, ban gan ta ba. Amma in da ni ce ke, tausayinta zan fi ji a kan haushi. Ki kuma yi mata adalci ta wani gefen: garinmu ba ya raga wa mace, wataƙila ana nuna ta da baki duk inda ta shiga, ɗagin kan ya zama garkuwa. Ki tambayi zuciyarki ma, a ɓoye, ko akwai ɗan ƙyashin motar nan a cikin abin da kike gani. Ba sai kin yanke zumunci ba. Ki ce mata, "Wance, na gode, amma zan fara ganin likita a nan, kuma don Allah mu bar zancen jikin mutane in mun haɗu." In ta ci gaba da matsa maki a kan likita guda, ki sani cewa wasu wuraren suna ba da la'ada ga wadda ta kawo wata.

Za ki zama irinta? Waɗanda aka fi ganin sun samu natsuwa bayan irin wannan aiki su ne masu damuwa guda sananniya, da suka daɗe da ita, suka yi don kansu, ba sa jiran aikin ya gyara masu komai sai wannan gaɓar. Waɗanda aka fi ganin sun yi nadama su ne masu yi don wani ya so su ko don aure ya tsaya. Sake karanta taken wasiƙarki ki ga a wane layi kike tsaye yau.

Shi ya kawo mu kan maigida. Na yarda da ke ba mugu ba ne. Mazanmu da yawa sun taso a majalisa inda zolaya ita ce alamar sabo, kuma tunda kina dariya in ya faɗa, kamar yadda kika yi wa tsohuwar nan, yana iya ɗauka kina jin daɗin wasan. Amma ke ba Banufiya ba ce da Bakatsine zai tsokana a kasuwa a watse ana raha, matarsa ce da yake kwana da ita, kuma Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙabi. Nana A'isha ta taɓa nuni da gajartar kishiyarta Safiyya, Annabi (SAW) ya ce mata ta faɗi kalmar da in an gauraya ta da ruwan teku sai ta gurɓata shi. Kalma guda ke nan a bayan ido, ina ga suna kullum a gaban 'ya'ya. Miƙo maki wayar kuwa ya wuce wasa, cin fuska ne, ko da bai nufa ba. Waɗanda yake kallo sun sha matatar hoto da ɗamara da zaɓen tsayuwa, in kika shiga tsere da su ba ranar gamawa, gobe wata sabuwa za ta fito a allon.

Ki zaɓi dare bayan isha, ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ba ranar da ya faɗi sunan kina tafasa ba. Ki zauna kusa da shi ki ce, "Abban yara, ina da magana, don Allah ka ajiye wayar. Sunan nan da kake kirana yana ƙona mani rai, ina dariya ne don kunya. Yau ɗanka ya kira ni da shi. Cikin nan 'ya'yanka huɗu ne suka zauna a ciki. Har na ɗauko takardar filin Baba zan sayar in je a yanka ni saboda maganarka." Ki faɗi wannan ta ƙarshen, kada ki haɗiye ta. Maza da yawa ba sa gane nauyin bakinsu sai sun ji inda ya kusa kai mutum. Sannan ki ba shi abin yi, don namiji ya fi gane aiki a kan kuka: ya daina sunan, ya tsawatar wa yaron da bakinsa, ya raka ki asibiti ya ji bayanin likita da kunnensa. In ya ji kalmar kaba daga bakin likita, zai yi wuya ya sake cewa Randa da sakin fuska. In kuwa kin faɗa sau ɗaya, sau biyu, ya mayar da abin dariya, ki kai maganar ga wanda yake jin nauyi, yayansa ko kawunsa ko wata gwaggo mai riƙe sirri. A lokacin kin san matsalar ta fi ƙarfin ciki, kuma ko an mayar da ke kamar zanen hannu zai samo wani sunan.

Ƙaryar zuwa wurin yaya kuwa, ki cire ta a ranki gaba ɗaya. Ko zunubi a gefe, ba ta ɓoyuwa. Wadda aka yi wa ƙarin mazaunai tana yin makonni ba ta zama daidai, a kife take kwana. Wadda aka ɗame wa ciki, wanda shi ne aikin da ya dace da irin naki in har za a yi, ana tsaga ta daga wannan ƙugu zuwa wancan, a yanke fatar da ta zube, a ɗinke naman, a sake wa cibiya mazauni. Tana tashi da robobin zuƙe ruwa a jiki, tana tafiya a duƙe kamar mai shara, kusan sati shida ba ta ɗaukar abu mai nauyi. Auta zai miƙo hannu a ɗauke shi, me za ki ce? Kuma in wani abu ya faru a ɗakin tiyata, wa za a kira, a ce mashi me? Yayarki kuma da wane ido za ta kalli mijinki da mahaifiyarku?

In kin bi duk wannan, an duba ki, kin yi wata shida kina fisiyo, bakin maigida ya gyaru, amma har yanzu fatar tana damunki ke da kanki, tana gogewa tana ƙaiƙayi, to a sake zama, da saninsa da yardarsa. A lokacin sai kin tabbata kun gama haihuwa, don wani cikin yana iya warware ɗinkin. Likitan ya kasance ƙwararre a tiyatar gyaran jiki mai rajista da hukumar kula da likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, a asibitin da ke da likitan sa barci da ɗakin kulawa ta musamman da jini a ajiye. Akwai irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da asibitin ƙashi na Dala, su ne masu gyaran ƙuna da leɓen yara, kuma ba sa tallar kansu da hoton mazaunan mata. Ki tambaye shi tabon da zai bari, musamman in jikinki mai tudun tabo ne, duba wurin ɗinkin haihuwarki da hujin kunnenki za ki gane. Likitan da bai tambaye ki dalilinki ba, bai lissafa maki haɗari ba, sai batun ranar biyan kuɗi, ki ɗauki mayafinki ki fito. Ko a lokacin ma ba na son a taɓa filin. Mace mai 'ya'ya huɗu a wannan zamani, filin gado shi ne bangon da take jingina in rana ta ɓaci, kuma kuɗinsa hawa yake kullum.

Takardar ki kai wa Hajiyarku ta ajiye maki a ƙasan adaka, ba sai kin yi mata dogon bayani ba. Ki yi gwajin yatsun nan yau, ki karɓi kati a asibiti cikin satin nan, sannan ki sake rubuto mani: yatsa nawa suka shiga, me likita ya ce game da cibiyar, kuma me Abban yara ya ce da ya ji zancen filin.